Ɗaya Bakin Tiyo

A unguwannin bakin teku na birnin Semarang ba sai ka tambayi mutum shekarunsa ba, ƙofar gidansa za ta gaya maka. Idan sai ka sunkuya kafin ka shiga, to mai gidan ya kwana biyu a duniya. Ƙasa tana ta zama, ruwan teku yana ta matsowa, duk bayan 'yan shekaru sai an zubo ƙasa an ɗaga daɓen ɗaki, rufi kuwa yana nan inda aka bar shi. Gidan Pak Rasiman, wato Baba Rasiman a yarensu, ya kai inda shi kansa, da ba wani tsawon kirki ne da shi ba, sai ya dafe hula kafin ya ƙetare ƙofa.

Tayil yake sawa. Da ɗaukar yashi ya fara tun gemu bai fito masa ba, ya zo ya riƙe cokalin gini, daga nan ya durƙusa a ƙasa bai sake miƙewa ba sai da gwiwoyinsa suka yi kanta baƙi ƙirin. Ya yi otal, ya yi wurin alwala a masallatai, ya yi gidajen masu hali can kan tudu inda ruwan teku ba ya zuwa. Amma abin da aka fi saninsa da shi banɗaki ne. Mutum ne marar yawan magana, mai taurin kai na bugawa a jarida, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sha kunyata matarsa Bu Warsiti (Bu ko Ibu, wato Mama): ko gidan biki aka gayyace su, kowa na kallon amarya shi yana kallon ƙasa, yana ɗan ƙwanƙwasa tayil da zobensa ya ji ko akwai iska a ƙarƙashi. Warsiti takan mintsine shi a cinya ta ce masa abinci aka kira su ci, ba duba gini ba.

To, wannan gwanin ne banɗakin gidansa ya zama abin kunya. Tayil ɗin ƙasan ragowar aikin mutane ne, wannan kore daga wani otal, wancan fari mai sheƙi daga falon wani ɗan kasuwa, irin wanda shi da kansa zai yi faɗa idan wani ya ce a sa masa a wurin wanka. Duk lokacin da aka ɗaga daɓen ɗakuna sai ya ce banɗaki ya dakata sai ya samu sarari, ai dama banɗaki a ƙasa yake zama. Sararin bai samu ba. Matakalar shiga ta yi ta zurfi har ta kusa kai rabin ƙauri. Idan teku ta cika, ruwan kwata ya riƙa ɓullowa ta rariya, ya ja baya ya bar wani santsi da ido ba ya gani sosai.

Wannan santsin ne ya kayar da Warsiti. Ta dawo daga ƙofar makarantar firamare inda take soya tempe, wata wainar waken suya, da rogo da ayaba, ta sauka za ta yi alwalar azahar, ƙafa ta tafi. Ƙugu ya karye. Aka yi mata aiki aka sa ƙarfe, daga asibiti kuma 'yarsu Murni ta wuce da ita gidanta na kan tudu, ba ta ko tsaya neman shawarar kowa ba.

Kada a ga laifin Murni. Ita ta yi jinya, ita ta ji ƙarar uwarta lokacin da ake juya ta a gado, ita kuma likita ya gaya wa cewa faɗuwa ta biyu ba lalle a tashi daga ita ba. So take iyayen su tattara su koma wurinta gaba ɗaya. Rasiman ya gwada. Ya zauna a gidan nan mai shiru, inda maƙwabci ba ya leƙo ka sai da dalili, ya rasa inda zai sa kansa, har ya fara ƙwanƙwasa tayil ɗin surukinsa. Warsiti ba ta yi ƙorafi a gaban 'yarta ba. Sai dai duk wanda ya zo gaishe ta daga unguwa sai ta tambaye shi wa ya zauna a wurin suyarta, da ko an gyara gadar bakin layi, da wa ya haihu. Rasiman ya san matarsa. Idan ta daɗe a can ba ƙugu ne zai cinye ta ba.

Da ya matsa, Murni ta gindaya sharaɗi. Likita ya ce ba matakala, ba tsuguno, wanka a zaune. Ta ce a fasa randar simintin nan da ake ɗibar ruwa da moda, a sa shawa.

"Pak, ni ba wasa nake ba," in ji ta. "Idan na zo na ga matakala ko ta yatsa biyu ce, ko na ga ɗigon ruwa ya fito falo, Ibu ba za ta dawo ba. Kai ma sai ka haɗa kayanka."

Ya ce ya ji.

Unguwa ta ji ita ma, ta samu abin yi. A nan kowa wanka yake sau biyu a rana, kuma wanka ba a yinsa da rowa: moda bayan moda ake shekawa har bango ya samu rabonsa. Saboda haka ake sauke ƙasan banɗaki, domin ruwa ya san iyakarsa. Banɗaki daidai da ɗaki kuwa abu ne na otal da talabijin. Kang Tarmo, wato Yaya Tarmo, maƙwabcin Rasiman na jikin bango, tsohon mai keken ɗaukar mutane wanda yanzu ya fi zama a kan keken fiye da tuƙa shi, shi ya fi kowa jin daɗin zancen.

"Man," in ji shi, don haka yake gajarta sunan Rasiman, "idan ka gama ka faɗa min in aro maka kwalekwale. Ka ɗaure shi a ƙafar gado."

Rasiman ya ɗauko guduma da kurfi.

Fasa randar ce ta fi yi masa ciwo, domin shi ya gina ta shekarar da suka tare. Akwai wasu 'yan kifaye biyu a ciki da Warsiti ta zuba don su cinye tsutsar sauro, ya kwashe su a kwalba ya ba Tarmo ajiya. Sannan ya haƙa ƙasa don ya kai ga bututun da zai canja. Ƙarƙashin tayil ɗin ragowa ya tarar da wani rawaya da ya manta ya taɓa sawa, ƙarƙashinsa kuma jan daɓen siminti na farko, wanda Warsiti ke gogewa da ɓawon kwakwa lokacin tana da cikin Murni. Ya ɗan tsaya a cikin ramin yana kallo, sannan ya ci gaba da haƙa, don shi ba mai tsayawa kallo ba ne.

Matsalar ta taso ne wajen awo. Rasiman bai taɓa yarda da injin nan mai jan haske da samarin yanzu ke kafawa ba. Shi tiyo ya sani, dogo, siriri, wanda ana ganin cikinsa. A cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe wannan baki a jikin bango, wani ya riƙe wancan a ɗaya bangon. Inda ruwa ya tsaya a nan, daidai nan ya tsaya a can, sai a ja fensir. Aikin mutum biyu ne. A wurin aiki lebura ke riƙe masa, amma a gida, duk ɗaga daɓen da aka yi, Warsiti ce ke ɗaya bakin. Takan ɗaure zane, ta rufe ido ɗaya, ta riƙa cewa "ɗan sama, ɗan ƙasa, tsaya," kuma hannunta ba ya rawa. Shi bai taɓa yaba mata ba. Ya ɗauka abu ne da kowa zai iya.

Ya kira Tarmo. Tarmo ya riƙe tiyo da hannu ɗaya, taba a ɗaya hannun, yana ba shi labarin wani fasinja da ya taɓa ɗauka zuwa tashar jirgin ƙasa. Idanunsa sun yi hazo, ruwan ma ba ya ganinsa, sai dai ya ce ya yi. Suka gwada kusurwa ɗaya sau da yawa, kowane karo alama daban. Rasiman ya ƙufula, ya fizge tiyonsa, ya ce masa ya koma kan kekensa.

Yana naɗe tiyon ne idonsa ya faɗa kan wani layi a bango, daidai ƙugu, an karce shi da ƙusa ya zagaye ɗakin. Awon da suka yi da Warsiti ne a ɗaga daɓe na ƙarshe. Ya shafa shi da yatsa, ya ji ransa ya yi sanyi. Me zai yi da Tarmo, ga awon matarsa nan? Daga wannan layin ya auno ƙasa, ya ja zare, ya zuba ciko ya daddale, ya shimfiɗa siminti da yashi, ya ba shi gangara mai laushi daga bakin ƙofa zuwa rariyar da ke bangon baya, ƙarƙashin inda shawa za ta zauna. Aiki ya yi kyau, sumul. Har Tarmo da ya leƙo ya rasa abin kushewa, sai ya ce yashin ne mai kyau.

Da daɓen ya bushe, Rasiman ya cika bokiti ya sheka a tsakiya, kamar yadda yake yi a kowane aiki kafin ya ci gaba. Ruwan ya bazu, ya ɗan tsaya kamar mai shawara. Sannan ya juya wa rariya baya, ya nufo ƙofa, ya bi tsakanin ƙafafun Rasiman, ya shiga falo ya wuce ƙarƙashin kujera.

Ya daɗe a tsaye da bokiti a hannu. Ya san abin da ya faru tun kafin ruwan ya gama tafiya. Awon Warsiti daidai yake ranar da ta yi shi. Gidan ne bai tsaya ba. Gaba, wajen titin da manyan motocin tashar jiragen ruwa ke bi, ya fi baya nutsewa, layin ya karkata tare da bangon da yake jiki. Shi da ya shekara yana gaya wa mutane kada su yarda da tsohon bango a unguwar nan, shi ne ya yarda da shi don kawai hannun matarsa ya taɓa wurin. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ƙofar ɗakin tiyata. A can likita ne ke da aikin. A nan nasa ne, sana'arsa ce, kuma ga ta ta tsere masa ƙarƙashin kujera.

Tarmo yana bakin ƙofa ya ga komai. Abin mamaki bai yi dariya ba. Ya shiga ya ɗauko tsumma ya fara goge falon, sai da ya matse shi a bokiti sannan ya ce a hankali, "Maganar kwalekwalen nan, Man, har yanzu tana nan fa."

Rasiman ya ɗauki guduma ya fara fasa aikin hannunsa.

A cikin wannan halin Murni ta same shi. Uwarta ce ta aiko ta da shinkafa da kifi da yajin da ta matsa sai da aka kawo mata turmi kan gado ta daka da kanta, wai ta san mijinta, idan yana aiki kofi da taba ne abincinsa. Murni ta tsaya a falo da kwanukan a hannu, ta ga danshi a ƙasa, ta ga ubanta fari fat da ƙurar siminti yana ɓarje sabon daɓe. Ba ta buƙaci bayani ba, amma ya yi mata. Bai ɓoye komai ba, bai ɗora wa Tarmo ba, ya ce gangarar ce ta juya.

Ta ajiye kwanukan. Ta ce masa ya duba shekarunsa, ya duba gwiwoyinsa. Ta ce ga ɗaki can a gidanta ta gyara, ga banɗaki busasshe, me ya rage? Ya bar ta ta gama, sannan ya miƙo mata bakin tiyo.

"Nduk, 'yata, riƙe min nan."

"Pak, magana nake maka."

"Na ji. Riƙe. Ba ni da mai riƙewa."

Wannan maganar ce ta karya mata gwiwa. Ta karɓa. Sai dai ba ta iya ba. Ta toshe bakin da babban yatsa don kada ruwa ya ɓata mata riga, ruwan ya ƙi motsi, uban ya fara huci. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Warsiti ce, tana son ta ji ko ya ci abincin. Murni ta jingina wayar a kan taga, fuskar uwar ta cika gilashin, daga kan gadonta can kan tudu ta hango abin da ake yi.

"Nduk, cire yatsanki daga bakin nan, so kike ki shaƙe shi? Manna shi da bango. Sauko da idonki daidai ruwan, kada ki kalle shi daga sama kamar mai leƙa rijiya. Pak, akwai kumfa a tsakiya, ina hango ta daga nan. Tun yaushe ka fara awo da kumfa?"

Babu yadda za a yi ta hango kumfa ta waya, amma da ya duba akwai ta. Ya kaɗa tiyon ta fita. Haka suka zagaye ɗakin, uba a wannan bango, 'ya a wancan, uwa a kan taga tana ba da umarni, Tarmo kuma ya buɗe kwano ɗaya yana ɗanɗana kifin wai kada ya huce. Murni ta fara da ɗaure fuska, kafin kusurwa ta ƙarshe ta rufe ido ɗaya tana cewa "ɗan sama, tsaya" da muryar da ta sa Rasiman ya waiwayo.

Da aka ja sabon layi, bambancinsa da tsohon ya fito ƙarara: a bangon baya sun haɗu, a wajen ƙofa kuwa sun rabu da kaurin yatsa biyu. Murni ta kashe wayar, ta sa yatsunta a tsakanin layukan.

"Pak, ka ga abin da nake faɗa. Gidan nan nutsewa yake."

"Nutsewa yake," in ji shi. "Tun kafin a haife ki. Ban ce miki zai tsaya ba, Nduk. Zan ba shi gangarar da ko ya ƙara karkata za ta kai mu wasu shekaru. Mu ma ai ba masu yawa muke nema ba."

Ta ce masa ya wanke hannu ya ci abinci kafin Kang Tarmo ya gama da kifin. Amma ranar hutunta ta dawo da tsohuwar riga a jaka, ta sake riƙe masa tiyo lokacin da zai duba sabon daɓen.

Wannan karon ruwa ya san hanyarsa. Rasiman bai yi murna da wuri ba, ya riga ya ji jiki. Ya shafe daɓen da maganin hana ruwa ratsawa, ya bi kusurwoyi da bakin bututu da wani ƙyalle mai raga, ya sake shafawa a gicciye, ya hau da shi bango har tsayin gwiwa, wajen shawa kuma har sama. Da ya bushe ya toshe rariya, ya tare ƙofa da ɗan bangon laka, ya cika wurin da ruwa ya yi alama, ya bar shi ya kwana. Tarmo ya kawo shawarar a sako kifayen nan su ɗan miƙe ƙafa. Ruwa bai ragu ba, bangon Tarmo ma bai yi danshi ba, ko da yake ya yi ta shafawa yana neman abin ƙorafi.

Sannan Rasiman ya yi abin da bai taɓa yi ba tunda yake: ya je shago ya sayi tayil don gidan kansa. Launi ɗaya, ƙanana, masu kaushi. Ya tsaya yana zuba wa samfurin ruwa daga gorarsa yana taka shi da tafin ƙafa, masu shago suna kallonsa. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, yana buga kowanne da ƙotar guduma yana saurare. Layin farko na bakin ƙofa ya zauna daidai da na falo, ka ja farce ba za ka ji inda suka haɗu ba. Ya sa rariya mai murfin da ke buɗewa ƙasa kawai, wanda idan ruwan kwata ya turo sai ya rufe kansa. Ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, ya sa masai na zama. Ƙofar sai da ya rage mata tsawo, kan shawa kuma ya zauna daidai goshinsa domin rufi ya ƙi ba da wuri. Ba komai, mai wankan a zaune za ta yi.

Ranar da za a kawo Warsiti ta duba, wata ya kusa cika, teku kuma ta cika da shi. Ruwa ya kwanta a layin har idon sawu. Rasiman ya so a ɗaga, Murni ta ce a'a, gara ma yau ɗin, ta gani da idonta. Mota ta tsaya a bakin titi. Tarmo ya goge kekensa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ɗauko Warsiti yana tura keken da hannu cikin ruwa, mata suna leƙowa ta tagogin da suka kusa taɓa ƙasa suna mata sannu da zuwa, ita kuma tana amsawa tana tambayar kowa 'ya'yansa. Rasiman ya lura da abu ɗaya: jakar kayanta tana nan a kujerar baya ta motar. Murni ta kulle ta bar ta.

Warsiti ta rame. Ta shiga falo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, tana tura shi tana bi. Ba ta zauna ba, ba ta sha shayin da aka haɗa mata ba. Ta nufi banɗaki kai tsaye. Ƙafafun ƙarfen suka wuce bakin ƙofa ba su ci karo da komai ba, nata ma haka. Murni ta riga ta shiga ta tsuguna ta leƙa rariya, ta ji ruwan kwata yana tura murfin daga ƙasa, murfin kuma ya ƙi. Ƙasa a bushe take.

Warsiti ta dubi bango, ta dubi ƙarfen riƙewa, ta jijjiga shi. Ta dubi shawa yadda ake duban baƙon da ba a gayyata ba.

"Ina modata?"

Murni ta fara bayanin yadda ake murɗa famfon, da yadda ruwan ke saukowa a hankali ba ya fantsama. Uwar ta ce ita ba shuka ba ce da za a yi mata yayyafi. Rasiman ya zagaya bayan gidan, ya dawo da babban bokiti da tsohuwar modar nan shuɗiya mai tsagaggen hannu. Ya ɓoye ta ne tun ranar da ya fasa randa, don ya san wadda yake aure. Murni ta harare shi. Sannan ta ɗauko wata jarida da aka naɗo kifi da ita, ta ciro busasshen shafi ta shimfiɗa a falo daidai bakin ƙofar banɗakin, ta zaunar da uwarta a kujerar roba, ta fito ta ja ƙofa.

Gangarar nan don ruwan shawa Murni ta nema. Moda wani abu ne daban, kuma modar Warsiti daban take ko a cikin modaye. Rasiman ya tsaya ba takalmi, yatsun ƙafarsa a bakin jaridar. Aka sheka ta farko, ruwa ya daki ƙofa daga ciki. Aka sheka ta biyu, ta uku, ba ƙaƙƙautawa, wankan wadda ta daɗe ana goge mata jiki da tawul. Murni ta harɗe hannu tana kallon ƙasa. Tarmo ya leƙo ta taga da kwalbar kifi a hannu. Rasiman kuwa kunne ya kasa, ta bayan ƙarar modar yana jin wata ƙaramar ƙara, ta ruwa yana gangarawa yana faɗawa rariya, ba ya tsayawa.

Bokiti ya ƙare. Jarida tana nan yadda aka shimfiɗa ta.

Sai a lokacin Rasiman ya zauna a ƙasa a wurin, ya jingina da bango, ya cire hula ya share fuska da ita. Daɗi ya cika shi har ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Murni ta sunkuya ta ɗauki jaridar, ta juya bayanta, ta shafa tayil ɗin da ke ƙarƙashi da tafin hannu. Ta ninke ta a hankali.

Daga ciki Warsiti ta ɗaga murya. Ta ce tayil ɗin nan kaushinsa kamar magogin kwakwa, zai cinye mata tafin ƙafa. Ta ce wurin sabulu ya yi nisa, wanda ya kafa shi bai taɓa wanka a zaune ba. Ta ce kuma an bar ta a jiƙe ba zanen canjawa, ko so ake mura ta ƙarasa abin da ƙugu ya fara?

"Zannuwanki suna cikin jaka, Bu," in ji Murni.

"To jakar tana ina?"

Murni ta dubi ubanta da ke zaune a ƙasa da hula a hannu. Ta laluba aljihu ta ciro makullin mota, ta naɗe ƙafar wandonta zuwa gwiwa.

"Kang Tarmo, zo da keken nan," ta ce. "Jakar tana da nauyi, akwai turminta a ciki."